Karrama Hajiya Gambo Sawaba: Amsar Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Da zarar ranar mata ta 8 ga Maris ta ƙarato, ko watan Oktoba da ta rasu a cikinsa, ƙungiyoyin mata da na ɗalibai sai su dawo da tambayoyi iri ɗaya. Ga amsa a wuri guda, a daina aikowa ɗaya bayan ɗaya.

Wace ce ita?

Sunanta na yanka Hajaratu. An haife ta a 1933, ta yi rayuwarta a Zariya, ta rasu a 2001. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya yi aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya. Ta shugabanci matan NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano da aka kafa a Kano a 1950, a jamhuriya ta biyu kuma ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim.

Ta taɓa zama gwamna ko sanata?

Ta ina? Lokacin da take hawa duro tana lacca, macen Arewa ko ƙuri'a ba ta jefawa. A zaɓen 1959 matan Kudu sun yi zaɓe, namu suna gida. Sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa. Kujerar mataimakiyar gwamnan Kaduna da Dakta Hadiza Balarabe ta hau a 2019, irin su Gambo ne suka share hanyarta.

A cire batun gidan yari daga jawabin taro, tunda manya za su halarta?

Haba! To me ya rage? Ƙididdigar da aka fi kawowa ita ce an ɗaure ta sau 16, an yi mata duka, an kore ta daga Kano, duk a kan ta tara mata tana yi musu maganar 'yanci da ilimi da auren wuri. Wanda jin wannan zai ɓata wa rai ya zauna a gidansa.

Muna son a sa wa titin unguwarmu sunanta. Ta yaya?

Nan ne ake yin tuntuɓe, kuma amsar ba ɗaya ba ce. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora sanya wa tituna suna da lambar gidaje a kan ƙaramar hukuma. Amma kafin ku rubuta komai ku bincika titin na wane ne, don babbar hanyar tarayya ko ta jiha ba hurumin ciyaman ba ce. A cikin birane kuma hukumar tsara birane, kamar KASUPDA a Kaduna ko KNUPDA a Kano, kan iya samun ta cewa, musamman a sababbin unguwannin da aka yanka filaye bisa tsari.

Idan na ƙaramar hukuma ne, a rubuta takarda zuwa ga shugabanta ta hannun kansilan mazaɓa. A haɗa da taƙaitaccen tarihinta shafi ɗaya, da zanen titin daga inda ya faro zuwa inda ya ƙare, da sa hannun mai unguwa da mazauna layin. Amincewar hakimi ba ko'ina ake neman ta a rubuce ba, amma ku nemo ta, tana rage surutu. Ku sanar da iyalanta tun farko, kada su tsinci labarin a rediyo. Galibi akwai kuɗin da ake biya, ya danganta da wuri. Ku karɓi rasit.

Abin da ya fi ɓata aikin nan shi ne kafa allo babu takarda. Ciyaman ya zo ya yanke ƙyalle, an yi hoto, an watse. Wani na hawa sai ya ba ubangidansa titin, ku kuma ba ku da abin nunawa. Ku nace sai an ba ku takardar amincewa mai hatimi da kwanan wata, ku yi kwafi uku. Haka ƙudurin da ɗan majalisar jiha zai gabatar: yana da daɗin ji, amma kira ne ga gwamnati, ba ya tilasta kowa.

Ku kuma duba ko titin yana da tsohon suna da ya kama baki. In yana da shi, masu adaidaita ba za su sake ba ko an kafa allo goma. Sabon layi da ba a riga an laƙaba masa komai ba ya fi. Kuma ko duk kun cika waɗannan, takarda na iya kwana a ofis wata da watanni, sai da mai bibiya.

Ba a taɓa sa sunanta a wani wuri ba ne?

An sa. Akwai babban asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, Zariya, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero. Ku fara kai ziyara can kafin ku ce an manta da ita.

Mutum-mutumi fa?

Kada ku jawo wa kanku rigima da malamai. Kuɗin da za ku kashe a kansa, ku biya wa 'yan mata jarrabawar WAEC ko NECO da sunanta, ya zama sadaka mai gudana.

Ƙungiyarmu ba ta da kuɗi. Mu haƙura?

Ku kwantar da hankalinku, aikin da ya fi gaggawa waya kawai yake buƙata. Yarinyar da ke da shekara 20 a 1955 yau ta kai casa'in, kuma su ne suka ga taron NEPU da idonsu. Ku nemo su a Sabon Gari da cikin birnin Zariya da Kano. Mace ta yi hirar, a cikin ɗaki, ba a zaure da maza ke kutse ba. A nemi izini, a faɗi suna da kwanan wata a farkon ɗauka, kada a wuce minti 45 a zama ɗaya, gara a sake dawowa. Kada ku gyara mata zance ko da ya saɓa wa abin da kuka karanta. A rubuce hirar da Hausar da ta yi ta, a kai kwafi cibiyar bincike irin Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Mambayya a Kano, a bar wa iyalin tsohuwar nasu.