Galahanga da Yadda Jikin Yaro Ke Karɓar Duniya

Galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, yanayi ne na haɓakar ƙwaƙwalwa da yaro ke tasowa da shi. Takan shafi magana da cuɗanya da mutane, da kuma yadda jiki ke karɓar ƙara, haske, taɓi, ƙamshi da ɗanɗano. Alamominta sukan fara bayyana kafin yaro ya cika shekara 3. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita.

Tarihi

A 1943 likitan ƙwaƙwalwar yara Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya bayyana halin wasu yara 11. Ya lura cewa ƙarar injin shara, lilo, ruwan famfo, har da kaɗawar iska kan firgita wasunsu. Shekara guda bayan haka likitan yara Hans Asperger ya yi irin wannan bayani a Viyana, babban birnin Ostiriya. Sai dai hankalin masana ya karkata wani wajen. Daga wajejen shekarun 1950 zuwa na 1960 aka riƙa ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin nuna ƙauna ne ke jawo matsalar, kuma Bruno Bettelheim na Jami'ar Chicago ya fi kowa yayata wannan ra'ayi. A 1964 Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da galahanga, ya kawo hujjar cewa asalinta daga halittar ƙwaƙwalwa ne. Yau an yi watsi da zargin iyaye kwata-kwata.

A farkon shekarun 1970 A. Jean Ayres ta Kalifoniya ta shimfiɗa nazarinta kan yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa saƙonnin gaɓoɓin ji. Masu galahangar da kansu ma sun ba da shaida. Temple Grandin, wadda daga baya ta zama farfesar kimiyyar dabbobi, ta ga yadda shanu ke natsuwa idan an matse su a maƙalin ƙarfe a gonar gwaggonta a Arizona, sai ta ƙera wa kanta na'urar matse jiki tana da kimanin shekara 18. Duk da haka, sai a 2013 kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya sanya bambancin yadda gaɓoɓin ji ke aiki cikin alamomin da ake dubawa.

Yadda abin yake

Wani yaron jinsa ya yi yawa: ƙarar janareta ko lasifika tana sa shi toshe kunne, ɗinkin wuyan riga yana damunsa, aski da yankan farce su zama yaƙi. Wani kuma jinsa ya yi ƙasa, sai ya riƙa tsalle, juyi, cizon abu, ko ya ji ciwo bai nuna ba. Sau da yawa yaro guda na da duka biyun. Akwai kuma jin abin da ke cikin jiki, kamar yunwa, ƙishi da fitsari, wanda wasu ba sa ganewa sai ya yi tsanani.

Kaɗa hannu ko rangaji da yaro ke maimaitawa hanyarsa ce ta samun natsuwa, ba a hana shi sai in zai ji rauni.

Rawar iyaye

Masana sukan bambanta rigimar neman abu da birkicewar da ke zuwa idan abubuwa sun yi wa yaro yawa. Mai rigima yakan yi shiru in ya sami abin da yake so. Wanda ya birkice kuwa ba shi da iko da kansa a lokacin, don haka tsawa da duka ƙara wa wuta fetur ne. Abin da ake so shi ne a janye shi zuwa wuri marar hayaniya, a rage magana, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, babba kuma ya sassauta muryarsa, domin daga natsuwar babba yaro ke koyon tasa. Koyar da sunayen fushi, tsoro da gajiya, ko da ta hotuna, sai bayan ƙura ta lafa.

Rubuta lokaci da wurin da birkicewa ke faruwa yakan tona musabbabinta. Tsayayyen tsarin yini, sanar da yaro kafin a sauya abu, da abin toshe kunne a kasuwa ko gidan biki suna taimakawa. A ƙasar Hausa wasu iyalai kan danganta halin da aljanu ko jifa, abin da kan jinkirta zuwa asibiti.

Saɓani

A 2012 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce hujjar amfanin jinyar gaɓoɓin ji, wadda ta samo asali daga nazarin Ayres, taƙaitacciya ce. Gwajin da aka yi a Birtaniya a 2014 bai nuna bargo mai nauyi na ƙara barci ba, ko da yake yara da iyaye sun fi son sa. Zargin cewa allurar rigakafi na jawo galahanga kuwa, a 2010 aka janye binciken 1998 da ya haifar da shi.