Waiwaye: yadda wutar sola ta shiga kantunan Yamai da garaken Tawa

Nijar ba baƙuwa ba ce a harkar hasken rana. Tun a 1965 aka kafa ofishin ONERSOL a Yamai domin binciken yadda za a ci moriyar rana, kuma daga 1969 Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa a yau, ya riƙe ofishin shekaru da dama. A can aka riƙa ƙera tankunan ɗumama ruwa, da murhun rana, da na'urar tace ruwa. A ƙarshen shekarun 1960 ma an gwada kunna talabijin ɗin koyarwa ta makarantun firamare da farantan sola. Amma duk wannan a hannun gwamnati da masana ya tsaya. Faranti a wancan zamani ya fi ƙarfin aljihun ɗan kasuwa, tela da mai sayar da ƙanƙara ba su ma sa shi a lissafi ba.

Hanyar da ƙasa ta bi daban ce. An kafa NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, a 1968, sannan a 1976 aka ja layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, yana kawo wutar madatsar Kainji. Wutar tana da sauƙin kuɗi idan aka gwada ta da ta injinan gazuwal, shi ya sa aka miƙe ƙafa a kanta. Tashar gawayi ta SONICHAR da ke Anu Araren ta fara aiki a farkon shekarun 1980, amma ma'adinan Arlit da yankin Agadas take yi wa hidima. Madatsar Kandaji, wadda aka aza tubalinta a 2008 da niyyar samun megawat 130, har yanzu ba ta ba da wuta ba. A haka aka wayi gari, kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar NIGELEC daga Najeriya take zuwa, alhali kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a ƙasar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Duk bazara, daga Maris zuwa Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna fanka, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, ƙaramin ɗan kasuwa kuma ya koma ga gurup, wato janareta, da galan ɗin esansi.

Abin da ya sauya lissafi daga waje ya zo. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda yawan ƙerawar da masana'antun Sin suka yi. Gwamnati ta kafa hukumar ANPER a 2013 don kai wuta karkara, a 2017 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin NESAP na yaɗa wutar sola, na dalar Amurka miliyan 50. A Nuwamba 2018 aka buɗe tashar sola ta Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, ita ce ta farko mai girma da aka haɗa da layin ƙasa. Ta Gorou Banda a gefen Yamai, mai megawat 30, an ƙaddamar da ita a farkon Yuli 2023.

Makonni kaɗan bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, Najeriya ta katse layin a farkon Agusta. Wutar ba ta dawo ba sai bayan an janye takunkumin a Fabrairu 2024. A waɗancan watanni ne sola ta tashi daga kayan masu hali ta zama kayan sana'a. Mai kifi ya ga kayansa na lalacewa, mai yawur da lemun zoɓo ya ga ciniki na wuce shi, tela ya kasa cika alkawari. Wanda firizarsa ke aiki lokacin da unguwa ke cikin duhu kuwa bai buƙaci wani dogon talla ba: ya ɗora hoton ƙanƙara a WhatsApp, yara sun yi layi da kula. A sana'ar kayan sanyi, musamman idan azumi ya faɗo cikin zafi, tallar da ta fi kowace ci ita ce mutane su san cewa kullum akwai.

Lissafin gurup ba shi da wuyar fahimta. Ƙarami mai kVA 2 yana shan abin da ya kusa lita ɗaya a awa idan an ɗora masa kaya. Awa takwas a rana, lita a wajen sefa 500, jikka huɗu ke nan kullum, jikka 120 a wata, ban da man juye da kuɗin mai gyara. Wannan kuɗin ne ya kamata mai kanti ya ajiye kusa da farashin sola kafin ya ce ta yi tsada.

Sai dai gaggawar 2023 ta bar ɓarna mai yawa, kuma kusan duk daga wuri ɗaya take farawa: a sayi kaya kafin a ƙirga buƙata. A ɗauki kanti mai firiza ɗaya ta lita 200 zuwa 300. A zafin Yamai, ana buɗe ta ana zuba ruwan leda, za ta ci kamar kWh 2 a yini, irin ma'aunin da NIGELEC ke rubutawa a faktir. Ƙwan fitila biyar masu wat 10 na awa biyar, wat-awa 250. Fanka mai wat 60 na awa goma, 600. Cajin salula 30, kamar 450. Jimla kWh 3.3. Faranti mai wat 450 ba ya ba da 450 a kan rufin kwano. An auna shi ne a digiri 25, da tsakar rana kuwa jikinsa kan kai 65, zafin kaɗai ya cinye kusan kashi 15 cikin 100, ga ƙura, ga asarar waya. Lissafin da ba ya ba da kunya shi ne wat 450 sau awa biyar na rana mai ƙarfi, a ɗauki kashi 70 cikin 100, a samu kamar kWh 1.6. Faranti biyu ba su isa ba, uku ake so. A fuskantar da su kudu, a karkata su kamar digiri 15, a bar tazarar da iska za ta ratsa ƙarƙashinsu. Lokacin hunturu a wanke su da sassafe sau biyu a mako da ruwa da tsumma mai laushi, kada a kwara ruwan sanyi a kan gilashin da ya yi zafi. Inuwar reshen dogon yaro ko ta tankin ruwa a kan kusurwa ɗaya tana iya rage wutar jerin gaba ɗaya.

Batir ne inda kuɗin mutane ya fi nutsewa. Na darma mai volt 12 da Ah 200 (amfiya-awa, ma'aunin girman batir) yana ɗaukar kWh 2.4 a rubuce, amma rabi kawai ake taɓawa, idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kowane dare ba zai ga shekara ba. Zafi ma makiyinsa ne: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, don haka batir ɗin da aka kulle a shagon kwano marar taga tun ranar farko ya fara mutuwa. Batir ɗin mota bai dace ba sam, an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na ƴan daƙiƙu. Haɗa sabo da tsoho kuma tsohon ne ke jan sabon ƙasa. Na litiyom ya fi tsada ranar saye, amma ana amfani da kashi 80 zuwa 90 na abin da ya ɗauka, yana kuma jure caji dubbai, ga wanda ya iya kai hannu gare shi ya fi sauƙi a tsawon shekaru. Akwai dabarar da ke rage nauyin batir ƙwarai: a bar firiza ta yi aiki sosai daga hantsi zuwa la'asar, a jera gorunan ruwa a ƙasanta su daskare, da dare a kashe ta kuma a daina yawan buɗewa. Ƙanƙarar ce za ta riƙe sanyin.

Sauran kayan haɗin ma suna da nasu tarko. Manyan farantan yanzu suna fitar da volt 40 da ɗoriya, idan aka haɗa su da batir mai volt 12 ta ƙaramin regilater, na'urar daidaita cajin batir, irin mai araha da ake kira PWM, fiye da rabin ƙarfinsu ya tafi a banza. Regilater irin na MPPT ake sa musu. Na'urar juya wuta, konbertiser, dole ta kasance mai fitar da wuta sumul irin ta NIGELEC, domin mai arahar tana sa kwamfuresar firiza gurnani da zafi har ta ƙone. Kwamfuresa mai wat 150 tana iya fizgar ninki shida ko fiye lokacin tashi, shi ya sa ake sa mata konbertiser mai wat 1,500. Wat 1,000 a volt 12 ya haura amfiya 80, siririyar wayar ɗaki ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi ta narke. A tsarin volt 24 nauyin ya ragu da rabi. A sa fis dab da kan batir. Dutsen guga da hita kuwa a nisanta su da tsarin, kowannensu ya kai wat 1,000. Walda da babban injin niƙa wani lissafi ne daban da ya fi ƙarfin irin wannan haɗin.

A Katako da sauran kasuwanni akwai kayan kirki akwai na jabu, kuma takardar da aka manna a baya ba hujja ba ce. Faranti na zamani yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowace mita murabba'i, don haka wanda bai wuce mita ɗaya ba aka rubuta masa 400 ƙarya ce. Batir ɗin darma na Ah 200 na gaske yana kai kilo 55 zuwa 65. A ɗora shi a sikeli kafin a biya, a kuma karɓi takardar garanti mai hatimin kanti.

A jihar Tawa labarin ya fi daɗi, domin manomin albasa a Galmi, Madawa ko Ƙonni ba ya buƙatar batir. Famfon sola yana aiki ne lokacin da rana take, lokacin da garka ke son ruwa, abin da ya rage a tara shi a tanki ko tafkin siminti. Abin lura shi ne a auna zurfin ruwa a ƙarshen rani, lokacin da ya fi yin ƙasa, a kuma san yawan abin da rijiya ke iya bayarwa a awa. Famfon da ya fi ƙarfin rijiya zai tsotse ta ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone, sai an sa masa na'urar da ke tsayar da shi idan ruwa ya janye. Yashi ma yana cin farfelarsa, don haka kada a sauke shi har ƙasan rijiya.

Abin da ya rage shi ne kuɗin farko. Mai gurup yana biyan jikka huɗu kullum daga cinikin ranar, mai son sola kuwa ana neman ya ajiye kuɗin watanni da yawa a zama ɗaya, kuma banki ba ya saurin ba ƙaramin ɗan kasuwa bashi ba tare da jingina ba. Shi ya sa da yawa ke shiga adashe, ko su jira aiken ɗan'uwa daga bakin teku, ko su saya kaɗan-kaɗan. Wanda zai bi wannan hanya ta ƙarshe ya fara da regilater da konbertiser masu girman da zai buƙata nan gaba, ya ƙara faranti daga baya, batir kuwa ya saye su rana ɗaya, iri ɗaya.