Da kuɗinka ka sayi filin, to me ya kawo gwamnati ciki?

Duk ranar da katafila ta shiga unguwa ko aka wayi gari an bi gidaje da jan fenti, magana ɗaya za ka ji a bakin mutane, ai da kuɗina na saya, ga takardar mai unguwa ga shaidu. Eh ka saya ɗin, amma a wajen doka ba ƙasar ka saya ba, damar zama da amfani da ita ka saya, kuma wannan damar tana da sharuɗɗa.

Tushen abin shi ne dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa. Sashenta na farko ya ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, yana riƙe da ita amana a madadin jama'a, ban da wadda ke hannun tarayya. Mu a Arewa ma ba baƙon abu ba ne, dokar 1962 ta Jihar Arewa kusan haka ta ce, mutanen Kudu ne abin ya fi girgizawa. Dokar 1978 ɗin ta raba aiki, filin cikin birni gwamna ke bayarwa, shi ke sa hannu a satifiket ɗin da muke kira siyofo, wanda galibi shekara 99 ake rubutawa, na karkara kuma ƙaramar hukuma, tana iya ba mutum har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. To amma wa ke faɗin inda birni ya tsaya? Gwamnan ne dai. Ranar da ya ce ƙauyenku ya shiga birni, shi ke nan ikon ciyaman a kan gonakinku ya ƙare.

Mai gonar gado kada hankalinsa ya tashi, wanda ke riƙe da gonarsa tun kafin 1978 dokar ta ɗauke shi kamar an ba shi izini ko da ba shi da takarda. Sai dai akwai wani wuri a sashe na 36 da dillalai ba sa son a karanta, ya hana a yanka irin wannan gonar ta karkara a mai da ita fulotai. Wato awon igiyar nan da ya cinye gefen Kano da Kaduna da Zariya, yawancinsa ba a kan doka yake ba.

Kuma ni a ganina nan ne dokar ta fi gaskiya. Ka je ka ga yadda ake yi, mai gona da dillali su ja igiya, kowane taku kuɗi ne, sai a bar lungun da ko a-daidaita-sahu ba ta juyawa, ba filin makaranta ba na asibiti ba maƙabarta, hanyar da ruwa ke bi tun zamanin kakanni a sayar wa wani bawan Allah a watan Maris lokacin ƙasa ta bushe ƙayau, ya zuba bulo, Agusta na zuwa ruwa ya dawo neman hanyarsa ta cikin ɗakinsa. Kududdufan da ke shanye ruwan unguwa an cike su da shara an yi shaguna. Fadamar da ke ba gari tumatir da alayyafo ta zama gidaje. Burtali kuwa, duk da dokar makiyaya ta 1965 da ta ba da ikon keɓe wuraren kiwo, an nome wani an gine wani, sai garke ya taho ya tarar ba hanya sai ta cikin gero, ka san sauran labarin.

Wannan ne aikin doka ta biyu, ta tsara birane da yankuna ta 1992. Ita ta ce a zana taswira tun kafin gini, nan gidaje, nan kasuwa da masana'antu, nan noma, nan a bar wa ruwa da itatuwa, kuma ko kana da siyofo ba ka sa tubali sai da izinin gini. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, shi ya sa kowace jiha da hukumarta, kamar KNUPDA a Kano.

Batun ƙwace fa? Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke izininka idan za a yi abin amfanin jama'a, titi, makaranta, bututun mai, ko idan ka saɓa sharaɗi, misali ka sayar ko ka jinginar ba da yardarsa ba. Dole a ba ka sanarwa a rubuce. Diyya kuma, a nan ake kuka, ba kuɗin ƙasar ake biya ba, abin da ka ɗora a kanta ake ƙiyastawa, gini, rijiya, mangwaro, amfanin gona. Manomin da aka karɓe wa eka biyar bayan girbi zai iya tashi da abin da bai kai kuɗin fuloti ɗaya ba a cikin gonar tasa. Kuma kowa ya sha jin inda aka karɓa da sunan jama'a aka raba wa 'yan siyasa, alhali kotuna sun sha soke irin wannan ƙwacen idan mai fili ya daure ya kai ƙara. Gyaran dokar ba wasa ba ne, don an cusa ta cikin tsarin mulki, sai majalisar tarayya da majalisun jihohi 24 sun yarda. Marigayi 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyara a 2009, har yau dokar tana nan yadda take.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin fili, karɓi lambar fulotin da ta taswirar wurin ka kai ma'aikatar ƙasa a duba maka ko gwamnati ta san da shi da kuma abin da aka ware wurin dominsa. In dillali ya ce babu lamba amma ana nan ana kan yi, riƙe kuɗinka tukuna, ka kuma tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa ke wucewa da damina.