Yoyon gas a na'urar sanyaya mota

Yoyon gas shi ne zurarewar sinadarin sanyi daga na'urar da ke sanyaya cikin mota, wadda Hausawan Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena suka fi kira kilim, daga Faransanci, 'yan'uwansu na Najeriya kuma suke ce mata esi. Yana kan gaba cikin dalilan da ke sa na'urar ta daina sanyi. An saba jin mai mota ya ce gas ɗinsa ya ƙare, amma wannan gas ba ya ƙonewa kamar fetur, kewayawa kawai yake yi a cikin rufaffiyar hanya, kuma abin da ke sulalewa ta jikin tiyo mai lafiya a shekara bai taka kara ya karya ba. Saboda haka motar da sai an ƙara mata gas duk bazara tana da kafa a wani wuri, kuma ƙarin gas ba tare da an toshe kafar ba jinkirta matsala ne, ba gyara ba.

Yadda na'urar take aiki

Kwampireso, wanda bel ɗin inji ke juyawa, yana matse gas ya tura shi da zafi zuwa kwandensa da ke gaban lagireto, inda iska ke kwashe zafin har gas ɗin ya koma ruwa. Daga nan ruwan yana ratsa wata kwalba mai tace datti da tsotse danshi, ya bi ta ƙaramin bawul da ke sauke matsinsa, ya shiga ibaforeta, wato akwatin sanyi da ke ɓoye a bayan allon gaban direba. A can yake tafasa, domin gas ɗin, wanda a yawancin motocin yankin ake kira R-134a, yana tafasa ne a kan digiri 26 ƙasa da sifili idan babu matsi a kansa, kuma tafasar ce ke zuƙe zafin iskar da fanka ke hurowa cikin mota. Ƙananan motoci sukan ɗauki tsakanin giram 400 da 800, kuma adadin kowace mota yana rubuce a wata takarda da ke manne ƙarƙashin murfin inji.

Man da ke shafe kwampireso yana tafiya tare da gas ɗin. Wannan ne ya sa duk inda gas ya fita mai kan biyo shi ya bar alama, shi ne kuma ya sa kwampireson da aka bari yana aiki da ƙarancin gas yake cin kansa.

Tarihin gas ɗin

Ba a fahimtar hanyoyin neman yoyo sai an san gas ɗin da ake nema, domin sau biyu ana sauya shi a motoci, kuma kowane sauyi ya zo da nasa man, da nasa tiyo, da nasa kayan gwaji.

Kafin 1930 firji na aiki ne da sinadarai irin su amoniya da metil kilorayid, waɗanda yoyonsu kan kashe mutane a cikin gida. Wannan ne ya sa kamfanin General Motors ya ɗora wa Thomas Midgley Jr. da abokan aikinsa neman madadi, kuma wajen 1928 suka haɗa sinadarin da aka sa wa lamba R-12, aka bayyana shi ga jama'a a 1930, aka kuma sayar da shi da sunan Freon. Ba ya kama wuta, gubarsa kaɗan ce, ga araha. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sa na'urar sanyi a motocin sayarwa, a ƙarshen 1939, ko da yake wasu na rubuta 1940 saboda shekarar samfurin motar. Akwatin sanyin ya cinye rabin but, kuma babu abin kashe kwampireso sai dai a tsayar da mota a cire bel. Na'urar ba ta samu kasuwa ba, aka daina ta bayan 1941. Sai a 1954 kamfanin Nash ya fitar da tsarin da ya tattara komai a gaban mota, wanda shi ne kakan na yau, kuma zuwa 1969 fiye da rabin sababbin motocin Amurka na fitowa da na'urar.

A duk wannan zamani ba a ɗauki yoyo da muhimmanci ba. R-12 ya yi arahar da bakanike zai saki na ciki a iska ya cika sabo. Abin gano yoyo da ya yi fice a lokacin wata fitila ce mai ƙona gas, da faifan jan ƙarfe a cikin harshen wutar da ɗan tiyo mai shaƙo iska. Idan aka kai bakin tiyon wurin da ke yoyo, sai kilorin da ke cikin R-12 ya mayar da wutar kore. Hayaƙin da ke fita daga nan guba ne ga mai gwajin.

A 1974 masana kimiyya Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa irin waɗannan sinadarai na hawa sararin sama su rarake shimfiɗar ozon da ke tare zafafan haskokin rana, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1995 tare da Paul Crutzen. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka ba da rahoton ɓulewar shimfiɗar a saman Antaktika, kuma a watan Satumba na 1987 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Montreal ta daina yin waɗannan sinadarai, wadda Kamaru da Cadi ke cikinta. Ƙasashe masu arziki sun daina yin R-12 zuwa 1996, an ba masu tasowa wa'adi zuwa 2010. Masu ƙera motoci kuwa sun koma R-134a tsakanin 1992 da 1995 ko kusa da haka.

Sauyin ya shafi gyara ta kowace fuska. R-134a ba ya gauraya da tsohon man, sai aka kawo man PAG, wanda ke shan danshi da sauri idan aka bar shi a buɗe. Sabon gas ɗin yana ratsa tsohon tiyo fiye da R-12, sai aka koma tiyo mai shimfiɗar nailan a ciki da zobban roba na musamman, galibi korra. Ba shi da kilorin, don haka fitilar nan ta daina amfani. An kuma sauya bakin cika gas don kada a gauraya su biyun.

R-134a bai cutar da ozon, amma yana riƙe zafin duniya kusan sau 1,430 fiye da hayaƙin kabon mai nauyi ɗaya da shi. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2006, wadda daga 1 ga Janairu 2017 ta hana sa gas ɗin da ya haura sau 150 a wannan ma'auni a kowace sabuwar mota, sai akasarin kamfanoni suka koma wani sabon gas mai suna R-1234yf. A watan Oktoba na 2016 aka amince a Kigali da rage amfani da dangin R-134a a duniya. Tun da yawancin motocin arewacin Kamaru da Cadi na hannu ne da suka shigo ta tashoshin Duwala da Kwatano, R-134a ne ya fi yawa a garejin yankin, amma motoci masu R-1234yf na ƙaruwa.

Inda yoyo ya fi aukuwa

Kwandensa ce ta fi fuskantar duka, domin ita ce a sahun gaba. Tsakuwa daga tayar babbar mota kan huda siraran bututunta na alminiyam, kuma motar da ta yi shekaru a Turai takan iso da ita a cinye saboda gishirin da ake zubawa a kan titi lokacin ƙanƙara. Hanyoyin burji masu gargada na sassauta mahaɗai, su sa bututu ya riƙa gogar jikin mota har ya ɓule. Zobban roba na bushewa su tsage da zafi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Marwa da Njamena, matsin gas a ɓangaren kwandensa kan kai bar 20 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), musamman idan ƙura ta toshe kwandensa. Akwai kuma hatimin roba da ke bakin sandar kwampireso, wanda mai ne ke riƙe shi da laushi. Mutane da yawa na kashe kilim ɗungurungum a lokacin hunturu, sai hatimin ya bushe, a wayi gari da shigowar bazara babu sanyi. Kunna na'urar na minti goma a mako na rage wannan. Ƙananan bawul na bakin cika gas su ma suna yoyo, musamman idan murfinsu ya ɓace.

Alamomi

Sanyi na raguwa a hankali, kwampireso na kamawa yana saki a kai a kai, daga baya ya ƙi kamawa saboda makunnin kariya ya yanke masa wuta.

Hanyoyin ganowa

Ana farawa da ido. Tabon mai da ƙura ta manne a kai, a kan mahaɗa ko a kusurwar kwandensa, shaida ce mai ƙarfi, kuma ƙurar yankin na taimaka wa mai gyara a nan. Bayan haka sai ruwan sabulu, wanda ake shafawa a wurin da ake zargi a jira kumfa. Yana kama yoyo babba da matsakaici, ba ya kama ƙarami, kuma ba ya aiki sai da matsi a cikin na'urar.

Geji, wato agogon auna matsi, shi kaɗai yana iya yaudara. Muddin akwai sauran ruwan gas a ciki, matsin da zai nuna a motar da ke kashe yana bin zafin gari ne, ba yawan gas ba. A zafin digiri 35 zai nuna kusan bar 8, ko na'urar a cike take ko ta zubar da rabi.

Idan na'urar ta zama fanko, hanyar da ta fi inganci ita ce a cika ta da busasshiyar iskar naitirojin zuwa bar 10 ko 15, ta hannun ma'aunin rage matsi, a saurara, a shafa sabulu, a kuma lura ko allurar geji na sauka. Wasu garejin na amfani da naitirojin mai kashi 5 cikin ɗari na haidirojin tare da na'urar da ke sansano shi. Haramun ne a wannan aiki a ari tukunyar oksijin ta masu walda, domin oksijin da mai a ƙarƙashin matsi na fashewa, kuma iskar injin mai faci na shigar da danshi.

Akwai rini da ake zubawa cikin man, a bar motar ta yi aiki na wasu kwanaki, sannan a haska da fitilar UV, sai wurin yoyon ya yi ƙyallin kore. Akwai kuma na'urar lantarki mai sansano gas, wadda mai kyau cikinta ke gano yoyon da bai wuce 'yan giram a shekara ba. Ana bi da bakinta a hankali ta ƙarƙashin mahaɗa, domin gas ɗin ya fi iska nauyi, a wurin da babu kaɗawar iska, kuma tururin fetur na iya sa ta kuka a banza. Ibaforeta ba ta ganuwa, don haka ana gwada ta ne ta ƙofofin iska da ta ɗan tiyon da ke ɗigar da ruwa a ƙarƙashin mota.

Gwajin zuƙe iska a jira a ga ko allura za ta motsa ya yaɗu ƙwarai, amma shi ne mafi rauni, domin bambancin matsin bai wuce bar 1 ba, kuma zuƙar na iya janyo tsagaggen zobe ya rufe kafar na ɗan lokaci.

Gyara

Ƙa'ida ita ce a kwashe sauran gas zuwa tukunya da injin kwashewa, ba a sake shi a iska ba, ko da yake wannan inji bai wadata a ƙananan gareji ba. Ana sauya zoben roba da irinsa daidai, a shafa masa man na'urar kafin a ɗaura. Tiyo ana sauya shi ko a sake matse masa baki. Bututun alminiyam na karɓar walda a hannun gwani, amma kwandensar zamani hanyoyinta sun yi sirantar da walda kan toshe su, kuma wadda gishiri ya ci takan sake ɓulewa a gefen facin, don haka sauyawa ya fi. Ibaforeta na bukatar a kwance allon gaba ɗaya, aikin da kan ci yini.

Duk lokacin da na'urar ta daɗe a buɗe ko a fanko, ana sauya kwalbar tsotse danshi, a mayar da adadin man da ya fita da irin wanda aka rubuta. Motoci masu kwampireson lantarki suna da nasu man daban. Sannan a zuƙe iska da famfo na aƙalla rabin sa'a, domin danshin da ya saura na daskarewa a bakin bawul, yana kuma haifar da tsami mai cin ƙarfe daga ciki. A ƙarshe ana cika gas bisa sikeli, gwargwadon abin da takardar motar ta faɗa. Cikawa da taɓa bututu, ko da leƙen kumfa a ɗan gilashin kwalba, gado ne daga zamanin R-12, kuma yakan kai ga cikawa fiye da kima. Mai aikin na sa tabarau da safar hannu, domin ruwan gas na daskarar da fata da ido nan take.

Batutuwan da ake saɓani a kansu

Maganin toshe yoyo na gwangwani: masu sayar da shi na cewa yana rufe ƙananan kafofi, masu gyara da yawa na ƙin sa saboda yana toshe bawul da injin kwashe gas. Gas dangin na girki yana sanyi kuma yana da araha, amma yana kama wuta, kuma masu ƙera motoci ba su amince da shi ba. A 2012 kamfanin Daimler, mai ƙera motocin Marsandi, ya ce R-1234yf na iya kama wuta a haɗarin mota; wasu kamfanoni da hukumomin Turai ba su yarda hakan ya isa dalilin hana shi ba.

Jabun gas

Ana samun tukwane masu tambarin R-134a da aka cika da gaurayen wasu sinadarai, ciki har da R-22 na na'urar sanyin ɗaki, wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota kuma yake lalata roba. Mafi haɗari shi ne wanda aka gauraya da metil kilorayid, sinadarin da aka ƙirƙiro R-12 don a rabu da shi, domin yana cin alminiyam ya samar da wani abu mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska. A 2011 an danganta fashewar wasu kwantenonin sanyi a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil da irin wannan gas, inda mutum uku suka rasu. Akwai ƙaramar na'ura da ke tantance abin da ke cikin tukunya ko cikin mota kafin a fara aiki.