Sunayen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Raɗa wa gine-gine sunayen mutane tsohuwar al'ada ce a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ita kanta jami'ar ai sunan Sardaunan Sakkwato ta ci tun da aka buɗe ta a 1962. Akasarin sunayen na shugabanni ne da sarakuna da malamai, masu bada gudunmawar kuɗi daga baya-baya ne suka shigo.

Tarihi

Babban laburaren da ke Samaru, babbar harabar jami'ar, wanda ɗalibai ke ce ma KIL, sunan Sa Kashim Ibrahim aka sa masa, mutumin Borno da ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, ginin da ake ciki yanzu kuma ana cewa wajen tsakiyar shekarun 1970 aka tare a ciki. A ɗakunan kwanan ɗalibai ne abin ya fi yawa, akwai Amina don Sarauniya Amina ta Zazzau, akwai Ɗanfodiyo don Shehu Usmanu, sai Ribadu don Muhammadu Ribadu ministan tsaro da ya rasu a 1965, da Ramat don Janar Murtala Ramat Muhammad, can harabar jami'ar da ke Kongo kuma ga Tafawa Ɓalewa da Ali Akilu, tsohon sakataren gwamnatin Jihar Arewa.

Abin da ya fi burgewa shi ne ba 'yan Arewa kaɗai aka karrama ba. Ɗakin kwanan Alexander, wanda 'yan mata ke ce ma Alex, sunan Norman Alexander ne, mutumin New Zealand da ya fara shugabantar jami'ar, shi kuwa Akenzua Oba ne na Benin wanda ya zama uban jami'a a 1966 bayan an kashe Sardauna, kuma a lokacin ƙasar na cikin rikici sosai, don haka sunan basaraken Kudu a jikin hostel a Samaru ba ƙaramin abu bane. Laburaren Kongo ma sunan shugaban Amurka Kennedy gare shi. Malamai sun samu nasu rabon, misali ɗakin lakca na Abdullahi Smith, masanin tarihin nan haifaffen Ingila da ya musulunta.

Masu gudunmawa

A 2019 gidauniyar Aliko Dangote ta miƙa ma jami'ar rukunin ɗakunan kwana na sama da naira biliyan 1 masu ɗaukar ɗalibai fiye da 2,000, da sunan Dangote ake kiran wurin. A 2021 gidauniyar Abdussamad Rabi'u ta sanar da tallafin naira biliyan 1 ga jami'ar.

Saɓani

Wasu na ganin kuɗi kaɗai bai isa ya sa a ba mutum sunan gini ba, wasu kuma su ce tunda gwamnati ta kasa gina isassun ɗakuna wanda ya gina ya cancanta. Ana kuma ƙorafin sunayen mata sun yi kaɗan.