Waiwaye: Yadda Awa Arba'in Ta Zama Ma'aunin Aikin Mako

Tambayi ma'aikacin ofis awa nawa yake aiki a mako, zai ce maka arba'in, ko lissafi ba zai tsaya yi ba. Awa takwas a yini, kwana biyar, sai hutun kwana biyu. Tsarin ya zauna a zukata har wasu na ɗauka da shi aka halicci duniya. Alhali kuwa bai cika shekara ɗari da zama doka ba, kuma kafin a kai gare shi sai da aka yi yajin aiki, aka ɗaure mutane, har aka rataye wasu.

Kafin zuwan masana'antu, rana da yanayi ne ke yanke wa mutum lokacin aikinsa. Manomi ya sha wuya lokacin shuka da girbi, ya sarara bayan an kai amfani gida. Maƙeri ko masaƙi ya yi aiki gwargwadon abin da aka kawo masa. Wahala dai akwai ta, amma babu wanda ya tsaya a kansa da agogo. Agogon ya shigo ne tare da injinan masaƙun Ingila a ƙarshen ƙarni na 18. Inji kuɗi ne masu yawa, mai shi kuwa ba ya son ya gan shi a tsaye. Da aka samu fitilar gas, dare ma ya daina zama uzuri. Awa 12 zuwa 14 a yini, kwana shida a mako, shi ne abin da aka saba, kuma cikin masu yin sa har da yaran da ba su kai shekara goma ba.

Abin mamaki, wanda ya fara fitar da lissafin da muke amfani da shi yau mai masaƙa ne. Robert Owen, wanda ke tafiyar da masaƙar New Lanark a Sikotilan, shi ya raba yini gida uku a 1817: awa takwas aiki, awa takwas walwala, awa takwas barci. 'Yan uwansa masu masana'antu ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Majalisar Birtaniya ma tafiyar hawainiya ta yi. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara tara ba a masaƙu, ta kuma naɗa sufetoci huɗu kacal su sa ido a kan ƙasar baki ɗaya. Ta 1847 ta taƙaita aikin mata da matasa zuwa awa goma. Ta 1850 ta ce a tashe su da ƙarfe biyun rana ran Asabar, wanda shi ne ɗan tsiron hutun ƙarshen mako. Babu ɗaya cikin dokokin nan da ta ambaci manyan maza. Sun dai ci albarkacin mata da yara ne, domin masaƙa ba ta iya juyawa idan waɗannan sun tafi gida.

Maza sai da suka nemo nasu da kansu. A watan Afrilun 1856 magina masu sassaƙa dutse a Melbourne ta Ostireliya suka ajiye kayan aiki, suka yi tattaki zuwa majalisa, suka samu awa takwas ba tare da an rage musu lada ba. A Amurka abin bai zo da sauƙi haka ba. Ran 1 ga Mayun 1886 dubban ɗaruruwan ma'aikata suka shiga yajin aiki a kan wannan buƙata. Ran 4 ga wata, ana tsakiyar gangami a dandalin Haymarket na Chicago, wani ya jefa bam cikin 'yan sanda, aka buɗe wuta, aka rasa rayuka ta kowane ɓangare. Ba a taɓa tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin ba, amma aka gurfanar da mutum takwas, aka rataye huɗu a Nuwamban 1887. A 1893 gwamnan jihar Illinois, inda Chicago take, ya yi wa uku da suka rage a kurkuku afuwa, ya ce shari'ar ba a yi adalci a cikinta ba. Daga wannan rikici ne taron 'yan gurguzu da 'yan ƙwadago da aka yi a Paris a 1889 ya tsayar da 1 ga Mayu. Ranar ma'aikata da ake hutu a cikinta yau, asalinta rigima ce a kan agogo, ba a kan albashi ba.

Sai dai ba matsin lamba kaɗai ya kawo sauyin ba. Wasu masu masana'antu sun gano da kansu cewa jiki magayi ne. Ernst Abbe na kamfanin Zeiss a Jamus ya mayar da ma'aikatansa awa takwas a 1900, ya ga abin da suke samarwa bai ragu ba. A lokacin yaƙin duniya na farko, kwamitin da Birtaniya ta kafa don duba lafiyar masu ƙera harsasai ya tarar cewa tsawaita awoyi da hana hutun Lahadi ba ya ƙara yawan harsashi, sai dai ya ƙara rashin lafiya da fashin aiki. Henry Ford, mai kamfanin ƙera motoci a Amurka, ya rage yini zuwa awa takwas a 1914, ya kuma ɗaga lada zuwa dala biyar, saboda ma'aikata na gudu daga masana'antarsa kamar ana korarsu. A 1926 ya koma kwana biyar. Ba tausayi ba ne zalla: mai sayar da mota yana bukatar mutanen da ke da lokacin hawanta.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 1919 a kan lokacin aiki take: awa takwas a yini, 48 a mako. A 1935 ta fitar da wata a kan awa 40. Faransa ta mayar da 40 doka a 1936, haɗe da hutun mako biyu da albashi. Amurka ta kafa dokarta a 1938, ta fara da 44, ta sauko 40 a 1940, abin da ya haura kuma a biya shi ninki ɗaya da rabi.

A nan ne fa keken ya tsaya. A 1930 masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya yi hasashen cewa cikin shekara ɗari awa 15 a mako za ta wadatar. Ta fuskar arziki bai yi kuskure ba, domin abin da ma'aikaci ke samarwa cikin awa ɗaya ya ninka sau da yawa. Ta fuskar lokaci kuwa ya yi nesa da gaskiya. Ribar da aka samu, yawancinta kuɗi da kaya aka mayar da ita, ba hutu ba. Awoyin shekara sun ci gaba da raguwa a ƙasashe masu arziki, daga wajen 3,000 a 1870 zuwa ƙasa da 1,400 a Jamus ta yau, amma raguwar baya-bayan nan ta zo ne ta hanyar hutun shekara da aikin rabin yini. Shi makon cikakken ma'aikaci yana nan kusa da inda aka bar shi a 1940. Faransa ce ta yi yunƙurin sauko da shi 35 a shekarar 2000, kuma har yau ana jayayya a kai.

Akwai wani abu da lissafin Owen ya ɓoye, kuma a ganina shi ne tushen koken da ake yi yanzu. Awa takwas ta walwala an tsara ta ne da tunanin namijin da zai dawo gida ya tarar an dafa, an share, an yi wa yara wanka. Wani ne ke yin wannan aikin, ba a biyansa, ba a ƙirga shi. Da mata suka shiga aikin albashi da yawa daga shekarun 1970, aikin gidan bai tafi ko'ina ba, jiransu yake yi. A lokacin ne maganar daidaita aiki da rayuwar gida ta fara yawo a bakin mutane. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ke ɗauke da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali da ba a biya: awa huɗu da minti 25 a yini, maza kuwa awa ɗaya da minti 23. Macen da aka rubuta wa awa 40 a takarda, makonta ya doshi 70.

Sannan dokar ba ta taɓa rufe kowa ba. Kimanin mutum biliyan biyu, wato wajen kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna sana'o'in da babu takardar ɗauka, babu lokacin tashi, babu kuɗin ƙarin lokaci. Mai talla ko direban haya, idan ya huta aljihunsa ne ya huta.

Inda dokar take ma, al'adar ofis kan fi ta ƙarfi. Japanawa har kalma gare su ta mutuwa saboda yawan aiki, karoshi, kuma sai a 2018 suka kafa dokar da ta sa wa ƙarin lokaci iyaka. A shekarar ce Koriya ta Kudu ta rage iyakar mako daga awa 68 zuwa 52. A Sin kamfanonin fasaha sun shahara da tsarin 996, tara na safe zuwa tara na dare kwana shida, har kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa doka a 2021. A wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago suka ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Ma'aikacin masaƙar 1850, duk wuyar da ya sha, yana da abu ɗaya: idan ƙararrawa ta kaɗa ya fita ƙofa, inji ba ya bin sa gida. Wayar hannu ta ɗauke wannan ƙofa. Saƙon shugaba na iya shigowa ana cin abincin dare, kuma ba wanda zai rubuta shi a matsayin aiki. Annobar korona ta 2020 ta ƙarasa rushe katangar, da ɗakin kwana ya zama ofis. Shi ya sa sababbin dokoki suka koma kan 'yancin ƙin amsa saƙo bayan tashi: Faransa a 2017, Ostireliya a 2024.

Batun kwana huɗu shi ake yayi yanzu. Aisilan ta gwada rage mako zuwa awa 35 ko 36 ga ma'aikatan gwamnati kimanin 2,500 tsakanin 2015 da 2019, aiki bai lalace ba. A Birtaniya kamfanoni 61 sun gwada kwana huɗu da cikakken albashi a 2022, 56 suka ci gaba bayan gwajin. Sakamakon ya yi kyau, amma kamfanonin su suka kawo kansu, kuma yawancinsu na aikin tebur ne. Asibiti da gidan burodi ba za su rufe ran Juma'a ba. Beljiyam ta ba da damar kwana huɗu a 2022 ba tare da rage awa ko ɗaya ba, cusa su kawai ake yi cikin kwanakin da suka rage. Girka kuwa baya ta juya: daga Yulin 2024 ta halatta wa wasu kamfanonin da ke aiki dare da rana su sa ma'aikaci kwana na shida, da ƙarin kashi 40 cikin ɗari a kan ladan ranar.