Kare lafiyar kyanwa a kewayen shingen kaji

Shingen kaji shi ne ragar waya ko ta roba da ake kewaye akurki da filin kiwo da ita a bayan gida, domin a tsare kaji a ciki, a kuma hana dabbobin da ke cin su shiga. A gidan da ake ajiye kyanwa, wannan shinge yakan zama wurin da ta fi yawan zama, saboda motsin 'yan tsaki da ɓerayen da ke bin hatsi suna jawo ta. Babbar kaza mai nauyin kilo 2 ko 3 ta fi ƙarfin abin da kyanwa ta saba kamawa, kuma uwar 'yan tsaki ko zakara na iya sarar ta a ido idan ta matsa. Duk da haka, yawancin haɗarin da ke samun kyanwa a nan daga shingen kansa yake fitowa, da kuma magungunan da ake zubawa a gindinsa.

Halittar jikinta ce ke sa lamarin ya yi wuya. Kyanwa mai lafiya tana iya tsallen da ya kai mita ɗaya da rabi daga tsaye, tana kuma hawa duk abin da farcenta zai kama. Ƙashin da ke tsakanin wuyanta da kafaɗarta ƙarami ne, bai manne da sauran ƙasusuwa ba, shi ya sa takan kutsa ta kusan duk kafar da kanta ya shige. Kutsawa gaba abu ne mai sauƙi a gare ta, amma ja da baya ta cikin yagaggiyar waya shi ne inda take maƙalewa.

Ragar da aka fi sani, mai idanu masu kusurwa shida, Charles Barnard ne ya ƙirƙiro ta a birnin Norwich na Ingila a shekarar 1844. Wayarta siririya ce, ana murɗa ta ne ba walda ba, kuma faɗin idonta yakan kasance milimita 13, 25 ko 50. Tana tsare kaji yadda ya kamata, amma tana lanƙwashewa idan aka hau ta, tana yin tsatsa a inda ta taɓa ƙasa mai laima, sannan idan zare ɗaya ya tsinke sai idon ya buɗe ya bar tsini. Mai ido 50 ita ce mafi muni a gidan da ke da kyanwa, domin hannunta yana shiga ya kai ga ɗan tsako, kan 'yar kyanwa ma yana iya shiga ya ƙi fita. Ragar walda mai ido milimita 13 ta fi dacewa nesa ba kusa ba, ko da an sa ta ne a mita ɗaya na ƙasa kawai: ba ta saki, hannu ba ya wucewa, ɓera babba ma ba ya samun hanya. Dole ne a ɗaure raga da kyau a jikin ginshiƙai, a lanƙwasa bakin da aka yanka ko a rufe shi da katako, a kuma toshe tsakanin ƙofa da ginshiƙinta. Ragar roba mai laushi da ake shimfiɗawa a sama don shaho ita ma tarko ce idan ta yi sako-sako, domin farce yana sarƙewa a ciki, kuma dabbar da ta firgita ƙara naɗe kanta take yi. Waya mai ƙaya kuwa ba ta da wani amfani a shingen kaji da zai kai girman raunin da take yi.

Tsayi kaɗai ba ya hana kyanwa. Abin da ke hana ta shi ne rufi mai tauri a kan filin gaba ɗaya, ko baki mai karkata zuwa waje a saman shingen, ko bututu mai juyawa wanda ƙafa ba ta samun riƙo a kansa. Abin wuyan da ake ɗaura wa kyanwa ma yana buƙatar lura: wanda ba ya ɓallewa da kansa idan an ja shi na iya rataye ta a kan waya.

Shinge mai wutar lantarki ne ya fi tayar wa masu kyanwa hankali, ko da yake wanda aka ƙera don kiwo bai kai yadda ake zato haɗari ba. Na'urarsa tana tura wuta mai ƙarfin bolt dubbai, amma a taƙaice ƙwarai, kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa, ta yadda dabbar da ta taɓa za ta ji zafi ta janye, kuma galibi ba ta sake kusanta. Haɗarin yana zuwa ne idan ta sarƙe a ragar ta kasa janyewa, wutar na ta bugun ta, abin da kan faru idan ragar ta kwanta ko kuma an bar ta a kashe har kyanwa ta saba hawanta. Haɗa shinge kai tsaye da wutar gida, ba tare da wannan na'ura ba, yana kashe dabba da mutum.

Magunguna sun fi waya kisa a ɓoye. Sinadarin da ake rubutawa permethrin a jikin kwalba, wanda ake fesawa a akurki don kashe ƙwarƙwata da sauran ƙwarin jikin kaji, guba ne ga kyanwa, saboda hantarta ba ta iya sarrafa shi da sauri; alamunsa su ne rawar jiki, dalalar miyau da farfaɗiya. Maganin ɓera mai hana jini daskarewa yana iya kama ta ko ta hanyar cin ɓeran da ya sha, kuma alamun ba sa bayyana sai bayan kwana 3 zuwa 5, lokacin da jini ya riga ya fara zuba a ciki. Likitan dabbobi yana magance shi da bitamin K1 idan an kai ta da wuri. Adana abincin kaji a cikin durom mai murfi yana rage ɓeraye ba tare da guba ba.

Murar tsuntsaye nau'in H5N1 tana kama kyanwoyi, an kuma ga mutuwarsu da ita a Poland a 2023 da Amurka a 2024, don haka ba a barin kyanwa ta taɓa mushen kaza ko tsuntsu.

Idan aka tarar da kyanwa a maƙale a shinge, a fara kashe wuta in akwai, a lulluɓe ta da tawul domin za ta yi cizo da yaƙushi, sannan a yanke wayar maimakon a fizgo ta. Hujin waya ƙarami ne a ido, fata tana rufe shi da wuri, bayan 'yan kwanaki sai ya kumbura ya tara mugunya, saboda haka yana buƙatar dubawar likita. Ba a ba kyanwa farasitamol don rage zafi, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.